Babi na 6: A Ina Zan Sauka?

Mutumin da ƙafarsa lafiya lau, idonsa garau, kunnensa na ji, ga kuɗin mota a aljihu, me zai hana shi shiga bas ya tafi harkarsa shi kaɗai? Tambayar da mutane kan yi ke nan idan suka ji an ce akwai na'urorin da aka ƙera musamman don taimaka wa masu larurar ƙwaƙwalwa hawa motar haya. Matsalar gurgu a fili take: a ba shi keke, a yi masa gangara a wurin matakala. Ta makaho ma haka. To, shi wannan da za ka gani a tasha tsaf da shi, ba ka iya bambanta shi da sauran fasinjoji, ina tasa matsalar take?

Mutanen da ake magana a kansu ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda aka haifa da ƙarancin fahimta, kamar masu larurar Down. Akwai mai otizim, larurar da wasu ke kira galahanga. Akwai wanda ya bugu a ka a haɗarin mota ko babur, jiki ya warke amma tunani bai koma yadda yake ba, da wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa magana da karatu. Sai masu cutar mantuwa, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sun haura miliyan 55, galibinsu tsofaffi. Wani a cikinsu ba ya karatu sam. Wani ya fi ni da kai karatu, amma ƙarar inji da turereniyar jama'a kan rikita shi har ya rasa inda ya nufa. Wani kuma komai nasa daidai, sai dai abin da aka gaya masa yanzu, bayan minti 5 ya bi iska. Babu mahaukaci a cikinsu. Da yawansu suna da makaranta ko wurin aiki da ke jiransu kowace safiya, in har za su iya isa.

Aikin da ba a gani

Mu ɗauki wani saurayi a wani birni na Amurka, mu ce ya samu aikin jera kaya a babban kanti, tafiyar minti 20 a bas. Dole ya bar gida a kan kari. Dole ya tsaya a ɓangaren titin da ya dace, domin bas mai lamba ɗaya ce ke zuwa ta kuma dawo, wanda ya tsaya a tsallake zai yi gabas alhali yamma ya nufa. Bas uku ko huɗu na iya tsayawa a wuri guda, sai ya karanta lambar da ke goshin kowacce, ya bar wadda ba tasa ba ta wuce ko da direbanta ya buɗe ƙofa yana kallonsa. Wannan kaɗai ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya tashi yana bin duk abin da manya suka nuna masa. Ya biya, ya zauna. Daga nan ne babban aikin zai fara.

A yawancin biranen Amurka direba ba ya tsayawa a kowace matsaya. In ba mai jira a ƙasa, ba kuma wanda ya ja igiyar da ke bin tagogi ko ya danna ƙararrawa, wucewa zai yi abinsa. Ke nan fasinja sai ya riƙe abu biyu a ka lokaci guda: ina nake yanzu, kuma a ina zan sauka. Lokacin jan igiyar kuwa ɗan ƙanƙani ne. In ya ja tun ba a wuce matsayar da ake isa kafin tasa ba, a can za a sauke shi, wurin da bai sani ba. In ya yi nawa, an wuce. Tsakanin biyun sau da yawa bai kai minti guda ba. Mu da muke yin wannan muna hira ko muna latsa waya, ba mu ma san aiki muke yi ba.

Kuma kuskure ɗaya ya isa. Saurayi ya wuce matsayarsa, ya ji tsoron yi wa direba magana, ya yi zuru har ƙarshen layi, aka yini ana cigiyarsa. Ranar nan uwarsa za ta ce ba shi ba bas har abada, kuma wa zai ga laifinta? Daga nan aikin ma ya tafi, tunda ba kullum ake samun mai kai shi ya ɗauko shi ba.

Kafin waya ta shigo

A 1990 Amurka ta yi dokar kare haƙƙin nakasassu. Dokar ta wajabta wa hukumomin sufuri na birane su tanadi ƙananan motoci na musamman ga wanda ba zai iya hawa bas ɗin kowa da kowa ba, su yi aiki a duk inda bai wuce kimanin kilomita 1.2 daga layin bas ba, kuɗin kuma kada ya haura ninki biyu na kuɗin bas. Tsarin ya ceci mutane da yawa, amma yana da wahalarsa. Sai ka yi rajistar tafiya tun jiya. Motar za ta zagaya tana kwasar wasu. Ba zancen abokinka ya kira ka da la'asar ya ce zo mu je kallon ƙwallo. Ga hukuma kuma, kowace tafiya irin wannan ta ninka ta bas tsada sau da yawa.

Shi ya sa ake buƙatar wata sana'a da ba kowa ya san da ita ba: malamin koyar da tafiya. Aikinsa ya ɗauki mutum ɗaya ya koya masa hanya ɗaya. Da farko suna zama kujera ɗaya, yana nuna masa alamu: ga gidan mai, ga coci mai jan rufi, in ka ga gadar can ka shirya. Bayan kwanaki sai malamin ya koma kujerar baya ya yi shiru. Daga baya ya daina shiga, ya bi bas ɗin a motarsa. Ran da ya ga ɗalibin ya sauka daidai sau da yawa a jere, sai ya sallame shi. Hanyar tana aiki, har yau ma ita ce ginshiƙi. Illarta ita ce cin lokaci, kuma abin da aka koya na wannan layin ne kawai. A sauya wurin aiki, ko a rushe gidan man nan, sai a koma farko. Malaman sun daɗe da lura cewa akwai ɗaliban da kan iya komai, jira da shiga da biya da zama cikin ladabi, amma su maƙale a abu ɗaya tak: sanin lokacin sauka.

"Shirya... ja igiya yanzu!"

Wannan abu ɗayan ne masu bincike a cibiyar nazarin sufuri ta Jami'ar Kudancin Fulorida, da ke birnin Tampa, suka sa a gaba wajen 2008. Manhajar da Sean Barbeau da abokan aikinsa suka ƙera, wadda ake kira TAD a taƙaice, ba ta da wani ƙyale-ƙyale. Malami ko mahaifi zai zauna gaban kwamfuta ya zaɓi layin bas, wurin shiga da wurin sauka, a tura wa wayar matafiyin. Wayar tana bin inda take ta hanyar GPS, wato saƙon taurarin ɗan'adam. Idan an kusa, sai ta yi magana ta ce masa ya shirya. Idan lokaci ya yi, ta ce ya ja igiya yanzu, ta rubuta a fuskarta, ta kuma yi ta girgiza a hannunsa. In kuwa ya kauce daga layin da aka tsara, saƙo zai tafi wayar malamin ko mahaifin, su duba taswira su ga inda yake.

Duk wanda ya taɓa raka tsohuwa tasha ya san wannan tsari. Ka riƙo hannunta har bakin mota, ka ce, "Direba, ga amana, don Allah a sauke ta a kwanar asibiti, jikanta na jira." Amanar nan aka danƙa wa waya, ita kuma ba ta mantuwa don hira ta yi daɗi da na gidan gaba.

A baki abin kamar wasa ne, amma injiniyoyin sun sha fama. GPS na waya, a fili inda sama take buɗe, yakan yi kuskuren kimanin mita 5. Cikin dogayen gine-gine saƙon kan bugi bango ya karkato, kuskuren ya ninku. A tsakiyar gari kuma matsayu kusa-kusa suke. Da a ce wayar za ta yi magana ne kawai don ta ga an kusa, da ta riƙa sauke mutum kafin wurinsa, shi kuwa abin da ta ce shi zai yi, ba gardama. Sai suka koya mata ta fara tabbatar da cewa bas ta wuce matsaya ta kusa da ƙarshe tukuna, sannan ta buɗe baki. Ga kuma batir: wayar da ke tambayar tauraro kowane daƙiƙa ba za ta kai yamma ba, don haka aka sa ta riƙa jinkirta tambayar har sai buƙata ta taso. An yi wani ƙaramin gwaji da mutum 3 masu ƙarancin fahimta a bas-bas na Tampa: a ba su wayar su sauka daidai, a karɓe su wuce, a mayar musu su sake sauka daidai.

Hoto da muryar gida

Wani kamfani a jihar Kolorado, AbleLink, ya bi ta wata hanyar da manhajarsa WayFinder. A nan mai taimakon ne zai fara shiga bas ɗin da wayar a hannu. Duk inda ya ga alama mai kyau sai ya ɗauki hoto, ya naɗi muryarsa, wayar ta ajiye wurin. Gobe idan matafiyin ya iso daidai nan, hoton zai fito, muryar ta yi magana. A bakin ƙofa ta ce ya juya dama ya bi titi. A matsaya ta nuna masa hoton bas ɗinsa da lambarta ɓaro-ɓaro. A tsakiyar hanya, inda mutane suka saba tashi rututu su sauka, ta ce masa nan ba wurinsa ba ne, ya yi zamansa. Wannan saƙo na ƙarshe ya fi burge ni, domin sai wanda ya zauna da irin mutanen nan zai san cewa ganin kowa ya miƙe kan sa su ma su miƙe.

A 2010 aka buga sakamakon gwajinta da mutum 23, matasa da manya, a layin da ba su taɓa bi ba. Cikin waɗanda aka ba na'urar, kashi 73 cikin 100 sun danna ƙararrawa sun sauka daidai. Cikin waɗanda aka ba taswira da bayani na baki, kashi 8 ne suka iya. Tazarar babba ce. Sai dai mutum 23 ba taro ba ne, kuma lissafin yana faɗin wani abu da masu tallar na'ura ba sa son nanatawa: fiye da mutum ɗaya cikin huɗu, ga wayar a hannunsa, bai sauka daidai ba. Na'urar tana rage wa malamin koyar da tafiya aiki, ba ta kore shi daga aiki ba.

Mai karatu zai ce ai Google Maps ma tana yin haka. Gaskiya ne, tun ƙarshen 2017 takan tunatar da fasinja idan an kusa wurin saukarsa. Amma buɗe ta ka gani: hanyoyi uku ko huɗu a zaɓi ɗaya, ƙananan rubutu, taswira cike da launuka, yatsa ya ɗan goce an koma wani shafi. Manhajar da aka yi don mai larurar ƙwaƙwalwa sirrinta ragewa ne. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya, hoto ɗaya, babban maɓalli ɗaya, cikin muryar da ya saba ji a gida.

Abin da wayar ta jingina da shi

Waya ba ta san bas ba sai an gaya mata. A 2005 hukumar sufurin birnin Portland, TriMet, da kamfanin Google suka fito da wani tsari na rubuta layukan bas da matsayu da jadawali yadda kowace kwamfuta za ta iya karantawa. Ana kiransa GTFS, kuma yau birane da yawa a duniya da shi suke aiki. A 2011 aka ƙara masa sashen da ke faɗin inda bas take a daidai wannan lokaci. A kan irin wannan bayani manhajojin sufuri suka hau. In hukuma ta matsar da matsaya ba ta gyara bayanin ba, wayar za ta faɗi ƙarya da cikakken ƙarfin hali.

Akwai kuma taimakon da ba ya buƙatar mutum ya mallaki komai. Zuwa 2009 bas-bas na Landan, kusan 8,000, duk an sa musu na'urar da ke faɗin lambar layi da sunan matsaya ta gaba da murya, ta kuma rubuta a allo. A 2023 Birtaniya ta yi ƙa'idar da ta wajabta irin wannan ga sauran bas-bas na haya, aka ba su wa'adi zuwa Oktoban 2026. Birnin Meziko ya riga kowa ta wata fuskar. Da aka buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa a 1969, lokacin da mutane da yawa ba sa karatu, mai zane Lance Wyman ya ba kowace tasha hotonta: Chapultepec fara ce, Candelaria agwagwa, Balderas igwa. Wanda ba zai iya haɗa baƙi ba zai iya riƙe cewa a wurin agwagwa zai sauka. A ganina wannan ya fi kowace manhaja arha da ƙarko, kuma baƙo da yaro da wanda barci ya sace duk sun amfana.

Ranar da abu ya ɓaci

Duk abin da aka faɗa a sama na ranar da komai ya tafi daidai ne. To, ranar da aka rufe titi aka karkatar da bas fa? Ko ta lalace a hanya aka ce kowa ya sauka? Ko batir ya mutu, ko jirgi ya shiga rami inda saƙon tauraro ba ya kaiwa? A nan ne larurar take nuna kanta sosai, domin abin da ya fi wa mutanen nan wuya shi ne abin da ba a shirya masa ba. Wanda ya haddace hanya tsaf yana iya daskarewa wuri guda don kawai direba ya bi ta wani lungu.

Wata manhaja ta Birtaniya, Brain in Hand, wadda masu otizim ke yawan amfani da ita, ta wannan ƙofar ta shigo. Tun ana cikin natsuwa mutum zai zauna da mai taimakonsa su rubuta: in bas ba ta zo ba, ga abin da zan yi, in na wuce wurina, ga abin da zan yi. Idan abin ya faru, ba sai ya yi sabon tunani cikin firgici ba, sai ya buɗe ya karanta shawarar da ya ba kansa. Akwai kuma launi uku irin na danjar titi da yake nuna halin da yake ciki. In ya danna ja, mutum mai rai zai tuntuɓe shi.

Wasu kayan taimakon ma ko batir ba su da shi. A 2012 birnin Tokiyo ya fito da wani jan tambari mai farin gicciye da zuciya da ake ratayawa a jaka. A 2016 filin jirgin saman Gatwick ya fara ba da koren zaren wuya mai furanni, wanda ya bazu zuwa jiragen ƙasa da kantuna. A Belfast aka yi katin JAM, mai roƙon a yi wa mai shi haƙurin minti guda. Duka saƙonsu ɗaya ne: ina da larurar da ido ba ya gani, kada ka daka mini tsawa. Amma tambari ba ya aiki sai direba ya san ma'anarsa. Sannan ba kowa ke son rataya larurarsa a wuya ba, musamman a inda ɓata-gari ke neman wanda za su yaudara.

Haka zancen taswirar da ke nuna wa iyaye inda ɗansu yake. Ita ce ke kwantar musu da hankali har su bar shi ya fita, wannan ba musu. Sai dai mai shekara 30 ba yaro ba ne. In za a kira shi duk ran da ya ratse shan shayi da aboki, an ba shi 'yanci da hannun dama an karɓe da na hagu. Kamata ya yi a zauna da shi a yi yarjejeniya: wa zai gani, a wane lokaci, kuma yaushe za a kashe.

To, a nan gida fa?

A Kano, a-daidaita-sahu ba shi da lamba ta layi, ba shi da matsaya, ba shi da jadawali. Manhaja irin TAD ba ta da abin kamawa. Amma ba dole abin ya zauna haka ba. A 2013 ɗaliban Jami'ar Nairobi, tare da masu bincike daga jami'o'in Amurka, sun yi ta hawa ƙananan bas ɗin birnin, matatu, da wayoyi a hannu, har suka zana layuka sama da 130, aka fitar da taswirar a farkon 2014. An yi makamancin haka ga motocin tirotiro na Akra a 2015. Sannan tsarin hoto da murya irin na WayFinder bai damu da jadawali ba, wurin kawai yake buƙata. Yaya zai iya bin hanyar sau ɗaya daga Kabuga zuwa Bata ya naɗa wa ƙaninsa komai da Hausa. Ko WhatsApp ɗin da ke hannun mutane yana aika murya, yana kuma nuna inda mutum yake kai tsaye.

Muna da abin da Tampa ba ta da shi: direba yana kusa, ana magana da shi, "akwai sauka" kuma tana aiki a ko'ina. Muna da abin da ya fi nata muni: ƙwacen waya, rashin wutar caji, da direban da zai ce a nan ya tsaya, kowa ya nemi wata motar. Ta fuskar doka kuwa, Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2008, Nijeriya a 2010. A Janairun 2019 aka sa hannu a kan dokar hana nuna wa nakasassu wariya a Nijeriya, da wa'adin shekara 5 na gyara gine-gine da motocin jama'a. Wa'adin ya cika, wanda ke hawa motar haya kuma shi zai faɗi abin da ya gani ya sauya.

Akwai mataki ɗaya da muka tsallake da gangan a tafiyar saurayin nan, inda muka ce "ya biya, ya zauna". A Landan ko a bas ɗin BRT na Legas kati ake dangwalawa, ba lissafi. A yawancin garuruwanmu kuwa sai an yi ciniki, a miƙa dubu ɗaya, a ƙirga canji, yaron mota na sauri fasinjoji na tsaki. Yadda mai larurar ƙwaƙwalwa zai riƙe kuɗinsa ya kashe ba a cuce shi ba, da abin da kati da waya suka sauƙaƙa da wanda suka ƙara dagulawa, shi ne zancen babi na gaba.